Kalma Ɗaya Da Ta Tsayar Mana Da Taro

Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshen wata sun ga yadda muka tashi ba mu gama ajanda ba. Abubuwa bakwai na jera a takarda, muka maƙale a na biyu har aka kira magariba. Tun daga ranar ake tare ni a hanya ana tambaya wai me ya faru, wasu kuma sun ji labarin a teburin mai shayi bayan an ƙara masa gishiri. Tunda ni ke riƙe da biro, kuma daga takardata rigimar ta tashi, na ga ya dace in faɗi yadda abin yake, da abin da na tono a kai a 'yan makonnin nan.

Kundin ƙungiyarmu da Turanci aka rubuta shi, domin da shi aka yi rajista, da shi kuma aka buɗe mana asusu a banki. Shekara da shekaru yana kwance a fayil, ba mai buɗe shi sai idan zaɓe ya zo. Bana dattawa suka ce a juya shi zuwa Hausa a karanta wa kowa ya ji da kunnensa, musamman iyayenmu mata. Aka ɗora mini aikin, na ɗauka na dare biyu ne. A sashe na biyu an ce an kafa ƙungiyar ne domin "people" na Inkil, can gaba kuma an ce asusun taimako nasu ne. Na rubuta "mutanen Inkil" ban ko ɗaga kai ba. Wannan ai kalmar 'yan aji uku na firamare ce.

Ina cikin karantawa a taro sai wani dattijo ya ɗaga sanda. "Sakatare, dakata. Mutanen Inkil ka ce, ko 'yan Inkil?" Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Ya ce, "Yaro, ba ɗaya ba ne." Wani ya ce a sa jama'ar Inkil, wani matashi da ya gama jami'a ya ce al'umma ta fi daɗin ji, can daga baya wani ya ce a daina kewaye-kewaye, a rubuta 'yan asalin Inkil kowa ya huta.

Da a wata rana ce, da dariya za a yi a wuce. Amma kowa ya san abin da ke lamba ta uku a ajanda. Takardar matar marigayi telan nan ce, wanda ya rasu bayan babbar salla ya bar yara huɗu, tana neman a taimaka mata daga asusu. Shi kuwa a 2013 ya zo daga Yobe, lokacin da tashin hankali ya koro mutane da yawa zuwa Bauchi. Ashe gardamar fassara ba ta fassara ba ce. Kalmar da za mu zaɓa ita za ta ce a ba ta ko kada a ba ta.

Na koma gida raina a jagule, na ce bari in bi kalmar Turancin nan in ga inda ta fito, ko masu ita sun san wa suke nufi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ita kanta baƙuwa ce a Turanci. A 1066 Normawa suka haye teku daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka. Ta nan kalmar ta shigo, wajajen 1300 ta zauna daram. Turawan Ingila suna da tasu ta gado, "folk", wadda har yanzu tana nan amma ta koma bakin ƙauyawa da mawaƙan gargajiya. 'Yar uwarta ta Jamusanci ce a farkon sunan motar nan Volkswagen, wato motar jama'a. Baƙuwa ta zo ta ture 'yar gida daga kan kujera, yau ba Baturen da zai ce maka ba tasa ba ce.

Faransawa kuma daga Latin suka gaje ta, harshen Rumawa, inda ake cewa "populus". To a Rum ɗin ma ba kowane mai numfashi ake nufi ba. 'Yan ƙasa masu 'yanci ake nufi, waɗanda ke da ta cewa a taron gari. Bawa yana iya haihuwa ya tsufa ya mutu a birnin ba a lissafa shi ba. Tambarin daular haruffa huɗu ne, SPQR, ma'ana majalisar dattawa da jama'ar Rum, har yau ana ganinsa a murafen kwalbatin birnin. Sai a shekara ta 212 wani sarkinsu mai suna Karakalla ya ba da doka cewa duk ɗa mai 'yanci da ke cikin daular ya zama ɗan ƙasa. Wato da'irar faɗaɗa ta aka yi ta yi, ba haka aka same ta ba.

Haka a Amurka. Tsarin mulkinsu na 1787 da sunan jama'a ya buɗe, alhali akwai dubban ɗaruruwan bayi a gonakin taba. A 1857 kotun ƙolinsu ta yanke hukunci a shari'ar wani bawa, Dred Scott, cewa baƙar fata ba sa cikin jama'ar da takardar ke nufi. Sai da aka yi yaƙin basasa aka gyara. Mata kuma sai 1920 suka sami ƙuri'a a duk faɗin ƙasar. Da na karanta wannan sai na ga ashe taronmu na ranar Asabar ba shi ne na farko da ya maƙale a wannan kalma ba. Kalma ce mai faɗin baki, kowa ya ji ta sai ya ɗauka da shi ake, sai ranar rabo ake gane wa ke ciki.

Mu ma a nan gida mun daɗe muna fama da ita, ba mu dai lura ba ne. Ku duba harafin P a sunayen jam'iyyunmu. NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sunanta na Hausa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta fara a matsayin ƙungiya a 1949 ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. A can kalmar ta zama "mutane", kuma ƙofar shiga ta 'yan asalin Arewa ce. Duk da haka rabin mutanen Arewan, wato mata, ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba. Zaɓen 1979 ne babban zaɓe na farko da iyayenmu mata suka shiga layi, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. A PRP ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1978 ta ci Kano da Kaduna a shekara mai bi mata, wannan harafin dai talakawa yake nufi, ba sarakuna da attajirai ba. PDP ta 1998 kuma ta ce lemarta ta rufe kowa. Harafi ɗaya, kalma ɗaya, ma'ana uku.

Turanci ya bar ta a dunƙule. Hausa ce ba ta yarda ba, sai ta ce maka zaɓi ɗaya, domin muna da kalmomi da yawa kuma kowace da nauyinta.

Jama'a daga Larabci muka aro ta, daga tushen da ke nufin tarawa. Gidansu ɗaya da Juma'a da jam'i da jam'iyya da jami'a. Jama'a su ne waɗanda suka taru, ko waɗanda ke bayan wani, shi ya sa ake gaida basarake da "yaya jama'a?" Ranar kasuwa ana cewa jama'a ta cika, ba ruwan kowa da garin da suka fito. Ta yi faɗi da yawa ga kundin ƙungiya, don duk wanda ya sauka daga motar Gombe ya tsaya shan ruwa a bakin titi ya shiga ciki. Al'umma ita ma Balarabiya ce, mai rawani, ta huɗuba da jawabin gwamna. Tana da kyau a kan allon sanarwa, amma ban taɓa jin wani ya ce "al'ummar gidanmu suna gaishe ka" ba. Talakawa kuwa, wadda wasu masana ke ganin ta biyo ayarin Buzaye ne ta shigo Hausa, tana raba masu mulki da waɗanda ake mulka, ba ita muke nema ba. Ɗan Adam da bil'adama na kowa da kowa ne daga nan har Sin, da su muke maganar haƙƙi da ajizanci. 'Yan asali ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita ce mafi sabunta a bakinmu. Ni dai ban tashi na ji kakanninmu suna yawan faɗinta ba. Ta yi ƙarfi ne da zuwan takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ba ka samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai da ita.

Saura mutum, tamu ta gado. A nan na fi daɗewa, don na ga abin da Turanci ba shi da shi. Su idan mutum ɗaya ne sai su ce "person", wadda asalinta sunan abin rufe fuska ne da 'yan wasan kwaikwayo na Rum ke sawa, idan da yawa ne sai su ɗauko waccan. Kalmomi biyu ne da ba su haɗa uwa ba. Mu kuwa mutum, mutuniya, mutane, mutunci, mutuntawa, duk reshen itace ɗaya ne. Bahaushe bai raba zama mutum da yadda kake zaune da mutane ba. Idan aka ce "wane mutum ne", ba ana nufin yana da ƙafa biyu ba. Idan aka ce "ba mutum ba ne", ba a ce aljani ne ba, ko da yake su ma mun kira su mutanen ɓoye don a zauna lafiya. Yaro ya kama sana'a ya yi aure, sai a ce ya zama mutum. Mai girman kai, a ce bai san mutane ba. Miji ya takura wa matarsa, a ce ya ji tsoron Allah da 'yar mutane. Gunki kuma mutum-mutumi ne, siffa ba hali. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya wallafa lacca guda a 1974 a kan "mutumin kirki" kawai, ya lissafo halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Na duba goman nan kaf, babu garin haihuwa a ciki.

Amma kada in yi son kai. Wanda ya ce a rubuta 'yan asali ya ba ni amsa tun a wurin taro, kuma amsar ta kama ni. Ya ce, "Sakatare, kai da bakinka in aka tambaye ka telan nan mutumin ina ne, me za ka ce?" Na yi shiru, don na san zan ce mutumin Yobe ne. Gaskiya ne, idan muka ce mutumin Kano ko mutumin Azare, asali muke nufi, ko da ya shekara arba'in a Wunti yana sayar da yadi.

Kwana uku ina juya wannan, sai amsar ta zo mini daga gaisuwar safe. Maƙwabcina ya ce, "Yaya mutanen gida?" Na amsa, sannan na tsaya. Su wa ya tambaya? Matata ba a gidanmu aka haife ta ba, daga wani gari aka kawo ta. Akwai almajirin da ke mana ɗiban ruwa yana kwana a zaure. Akwai ƙanwar matata da ke karatu. Duk mutanen gida ne. Da ya ce 'yan gida, da waɗanda aka yanke wa cibiya a ciki yake nufi. Amaryar da aka kawo makon jiya ta shiga mutanen gida tun daren da aka sauke ta, kuma ɗana da ke Legas bai fita daga ciki ba. Haka mutanen unguwa, haka mutanen gari. Idan gobara ta tashi aka ce mutanen unguwa sun kashe ta, ba wanda ke tambayar takardar masu ɗauke da bokiti. Ashe dattijon nan da ya ce mini ba ɗaya ba ne ya fi ni jin Hausa, ko da yake ban san ɓangaren da ya dosa ba.

Wannan ne ya sa na ƙi kalmar "mazauna" da wani ya kawo a matsayin sulhu. Mazauna za ta shigar da tela ta fitar da 'ya'yanmu da ke Abuja da Fatakwal, alhali da kuɗinsu muka gyara burtsatse bara. 'Yan asali za ta riƙe su ta fitar da shi. Mutane ce kaɗai na ga ta ɗauki wanda ya tafi da wanda ya zo.

Kuma in za a bi asali, a ina za a tsaya? Dattawanmu suna alfahari, kuma da hujjarsu, cewa a nan Inkil Malam Yakubu ya yi zango da jama'arsa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, kafin a kafa birnin Bauchi a 1809. Shi Bageri ne, waɗanda suka taru a bayansa kuwa akwai Fulani da Hausawa da sauran ƙabilun ƙasar nan. Garin tun farkonsa matattara ce. A 1943 da aka kafa zauren tattaunawa na Bauchi, inda su Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fara kaifafa siyasar Arewa, wanda ke cikin masu jan ragama har da wani malamin Midil, Bakano, Aminu. Ba a ce masa ya bari sai 'yan gari sun gama magana ba. Ni kaina kakana daga wajen Misau ya zo da jakuna yana fataucin kanwa, ya ga wuri ya zauna. In an ja layi a kan kaka, ina ciki da ƙyar. In an ja a kan kakan kaka, sai ku nemi wani sakataren.

Tsarin mulkin ƙasa ma bai raba gardamar ba. Na 1999, wanda ya buɗe da sunan jama'ar Nijeriya ko da yake gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami ce ta zartar da shi, ya ba kowa 'yancin zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambanci saboda asali a sashe na 42, sannan a sashe na 147 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta. Hannu ɗaya ya bayar, ɗaya ya karɓe. Mun ga abin da wannan magana ta ɗan gari da baƙo ta jawo a Jos tun 2001, ba sai an ba mu labari ba, don wasu da suka tsero daga can suna cikinmu.

Ban ce masu ɗaya ra'ayin ba su da abin faɗa ba. Asusun ƙarami ne, ma'aji shaida ne. Gonakin da muka sani muna yara duk sun zama fulotai, kullum sabuwar fuska. Suna tsoron in aka buɗe ƙofa, wanda ya kama haya jiya zai zo gobe da takardar asibiti. Tsoro ne na gaskiya, amma maganinsa sharaɗi ne, a ce sai wanda ya yi rajista ya biya kuɗin wata na shekara biyu ko uku. Wannan lissafi ne, kuma lissafi yana cikin littafi.

Littafin kuwa yana hannuna. Na buɗe shi na nemi sunan marigayin. Ya shiga a farkon 2014. Naira ɗari biyu-biyu lokacin, bai taɓa tsallake wata ba sai a 2020 da korona ta rufe kasuwa, wata huɗu, kuma ya zo ya biya su a dunƙule bayan salla. Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya ranar Asabar akwai wanda ake bi bashin wata goma sha ɗaya, ba zan faɗi suna ba. Duk wanda ya yi rashi a unguwar nan cikin shekarun nan ya san wa ke haɗa likkafani ko da tsakar dare ne, kuma ya san ba ya karɓar ko sisi. Ranar aikin gayya na katangar maƙabarta shi ya kawo baro.

Sai dai akwai abin da na gani a shafin da ya hana ni barci. A gefen sunansa, a gurbin ƙarin bayani, an rubuta "baƙo" da jan biro. Rubutuna ne. Ban tuna ranar ba, ba wanda ya sa ni, ba kuma da mugun nufi na yi ba, na ɗauka tsari ne. Shekara goma yana miƙo mini kuɗi ina ba shi rasit, ina ce masa "mutumina", kalmar nan tana zaune kusa da sunansa. Ban sani ba ko ya taɓa hango ta lokacin da yake sa hannu. Na ƙirga irinta a littafin, sun kai talatin da ɗaya, duk da hannuna. Don haka in ana neman wanda ya fara raba mutanen Inkil gida biyu a takarda, ba sai an je nesa ba.

Shekaranjiya da daddare dattijon da ya ɗaga sanda ya aiko jikansa ya kira ni. Na same shi a kan buzu, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Sakatare, ka gano bambancin?" Na ce, "Na gano, Baba." Ya ce shi ma dalilin da ya tsayar da ni ke nan, yana so a san abin da aka rubuta kafin a ɗaga hannu, kada gobe wani ya ce ba a gane ba. Ban tambaye shi inda zai jefa ƙuri'arsa ba, shi ma bai faɗa ba. Ya dai ba ni dubu biyu ya ce in kai wa matar, kada in ce daga wa. Wasu mutum biyar sun yi irin haka, da shi aka biya wa babban yaron kuɗin jarrabawa. Sauran buƙatun suna jiran hukuncin taro.

A daftarin da zan kawo na bar "mutanen Inkil" yadda na rubuta tun farko, na ƙara sakin layi ɗaya a ƙarƙashi mai bayyana cewa ana nufin wanda aka haifa a nan ko ina yake zaune, da wanda ke zaune a nan ko ina aka haife shi, matuƙar yana cikin rajista. Adadin shekarun biya na bar shi fili, ku za ku cike. Wanda ke da wata kalmar da ta fi wannan ya zo da ita, zan rubuta.

Taro ranar Asabar ta ƙarshen wata ne bayan la'asar, a inda muka saba. Shugaba ya amince a dawo da takardar matar marigayin lamba ta ɗaya. Iyayenmu mata, an tanadi tabarmi ta ɓangarenku, don Allah a fito. Zan zo da littafin rajista, duk mai son ganin shafinsa zai gani.